Kafinta da Sunan Tebur

Wani kafinta ya yi shekara arba'in yana haɗa tebur, kuma babu abin da ke cin ransa kamar rashin jin Turanci. Wata rana 'yarsa, malamar makaranta, ta kawo masa abinci a shago. Ta dafa sabon tebur ta ce, "Baba, ka san sunan nan daga Turanci aka aro shi?"

Ya ajiye zarto. "Benci fa?"

"Shi ma."

"Kabad?"

"Shi ma. Har kafintan da ake kiranka."

Ya yi ta kallon katako har abincin ya huce. Can ya ce, "To ni da nake wuni ina Turanci, me ya sa in kina yi ba na ji?"