Tambayar da Inna Ta Yi wa Tukunya

Duk lokacin da aka kira taron iyaye a makarantar 'yata, tambayoyin ba sa canzawa. Wane littafi za mu ƙara saya? Ko a nemo malamin lesin? Me ya sa malamin Turanci yake ba yara labarai su je gida da su, maimakon ya koya musu abin da zai fito a jarrabawa? Sai in ji bakina yana ƙaiƙayi, domin ina da amsa, amma doguwa ce, shugaban taron kuma ba ya haƙuri da dogon bayani. Shi ya sa na kawo ta nan, inda ba mai ce min in taƙaita.

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare aka kawo mana sabuwar malamar Turanci. A Sabon Gari aka haife ta, iyayenta mutanen kudu maso gabas ne, amma in ta juya harshe ta yi mana faɗa da Hausa, sai ka rantse a Fagge aka yanke mata cibiya. Tana da wata ƙatuwar jaka cike da ƙananan littattafan labarai da take tsintowa a wurin masu tsofaffin littattafai a Bata, wasu ma ba bango.

Tsarinta ɗaya ne. Ranar Alhamis kowa ya ɗauki littafi. A gida ka karanta wa mahaifinka ko mahaifiyarka da babbar murya, ka fassara musu da yaren da ake yi a gidanku. Ranar Litinin ka zo da tambaya guda da suka yi maka a kan labarin. Ba ta son rubutu, ba ta son sa hannu.

"Sa hannun iyayenku duk kun iya shi, kun ma fi su iyawa," in ji ta. "Tambayarsu nake so."

Wasu sun gwada ƙirƙirowa, amma ba ta taɓa shiga tarkon ba. Tambayar yaro irin ta jarrabawa ce: wane ne jarumin labarin, a wane gari abin ya faru. Ta iyaye kuwa daban take. Babar wata ƙawata ta tambaya, wai shi yaron labarin da yake ta gararamba tun safe, ba a dafa abinci ne a gidansu? Ranar sai da malama ta dafa tebur don dariya, sannan ta sa muka buɗe littafin muna neman inda yaron ya ci wani abu. Ba mu samu ba, amma mun karanta labarin kaf ba tare da an sa mu dole ba.

Ni Baba nake karanta wa. Ma'aikacin ofis ne a tashar jirgin ƙasa, mutum mai son komai a tsare. Yakan rufe ido ya saurara har ƙarshe, ya buɗe, ya ce, "To, wane darasi kika koya?" Wannan mako haka, mako mai zuwa haka. Da na sake kawo ta, malama ta ɗaga min hannu tun ban ƙarasa ba.

"Ki gaida Baba, amma tambayar nan tasa ta tsufa. Wannan karon ta mamanki nake so. In ba ki kawo ba, ni da kaina zan zo gidanku a Kwaciri in karɓa."

Ni 'yar fari ce, Inna kuwa irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ba ta kiran sunana, ba ta hira da ni, ba ta ma son ido ya haɗu. In za ta aike ni, iska take yi wa magana: "A ɗebo ruwa." "A zo a kwashe kwanukan nan." In ta kama dole ta ambace ni, "waccan" ce. Ƙannena suna hawa cinyarta suna ja mata ɗankwali, ni ko tari na yi sai dai in ga magani a gefen tabarmata, ban san lokacin da aka ajiye ba. Na san ba ƙi ba ne, kowa ya gaya min haka, amma sanin bai hana ni jin haushi ba. Ina son ko sau ɗaya ta saurare ni kamar yadda take sauraron sauran.

Da aka tashi hutun ƙarfe tara na je na yi wa malama bayani, ina fatan ta yafe min. Ta bari na gama, ta ce, "Ni za ki koya wa kunyar ɗan fari? A gidan haya na tashi, na ga irinta. Na ce ta kalle ki ne? Kunnenta ba ya jin kunyarki. Ki zauna inda muryarki za ta kai mata. In kin zo wurin da labarin ya fi daɗi, ki rufe littafin ki tashi."

Ta zaɓo min wani siriri. Labarin wata yarinya ce da mahaifiyarta ta sa ta a jirgin ƙasa ita kaɗai, za ta wurin gwaggonta a birni don ta shiga makaranta, riƙe da kaza a kwando. Barci ya kwashe ta, ta wuce tashar da za ta sauka.

Bayan la'asar Inna tana kicin tana gyaran kayan miya. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar, na juya mata baya, na fuskanci bango. In karanta layi da Turanci, in mayar da Hausa. Inna ta ci gaba da yankan albasa, rediyonta tana ta magana a kan taga. Na ji kunya ta kama ni nima, ga ni zaune ina ba bango labarin kaza. Amma da yarinyar ta shiga jirgi, sai na lura rediyo ta yi shiru, alhali ba ta da lalurar batir.

Na kai inda yarinyar ta farka ta ga duhun daji ta taga, jirgi yana gudu, ba wanda ta sani. Na rufe littafi, na naɗe tabarma, na yi tafiyata ɗaki. Na kasa kunne, ban ji komai ba sai ƙarar murfin tukunya da aka ajiye da ƙarfi.

Washegari na yi kamar na manta. Na yi shara, na wanke yunifom, ina ta ɓata lokaci da gangan. Can na ji an yi wa iska magana: "Yau masu karatu hutu suke yi ke nan." Wallahi da gudu na ɗauko littafin, har na yi tuntuɓe da buta.

Na karanta har ƙarshe. Wani tsoho mai duba tikiti ya taimaki yarinyar, ta isa wurin gwaggonta lafiya, kazar ma ta yi ƙwai a hanya. Na rufe littafi na jira. Inna tana juya miya. Har na fara fid da rai. Sai ta ce, idonta a kan tukunya, "Ita uwar, da ta sa ta a jirgin, ta tsaya har ya tashi, ko juyawa ta yi ta tafi gida?"

Na buɗe farkon labarin na duba, na sake dubawa. Littafin bai faɗa ba. Na gaya wa bango haka, Inna ta ce wa tukunya, "Hmm."

Ranar Litinin ni na fara ɗaga hannu. Da na faɗi tambayar, malama ta ajiye alli, ta ce kowa ya rufe abin da ke gabansa. Ta karanta mana shafin farko, ta ce mu yanke hukunci, amma duk wanda zai yi magana sai ya nuna hujjarsa daga cikin labarin. Aji ya rabu biyu. Masu cewa ta tafi suka nuna inda aka ce uwar ba ta yi kuka ba, ba ta rungume ta ba, umarni kawai ta yi ta bayarwa: kada ki yi barci, kada ki saki kwando. Masu cewa ta tsaya suka ce wadda ta ba da kazarta ɗaya tilo ba za ta juya haka kawai ba. Har wani yaro da bai taɓa buɗe baki a aji ba ya miƙe yana jayayya da Turancinsa mai karyayyiyar ƙafa, malama kuma ba ta gyara masa ko kalma ɗaya ba sai da ya gama. Aka buga ƙararrawa ba mu daidaita ba. Ni ina cikin masu cewa ta tafi, kuma na fi kowa zafi.

Abin da nake son gaya wa iyaye a taron nan ke nan. Inna ba ta jin Turanci, ba ta taɓa sayo min littafi ba, amma tambayarta ta riƙe aji guda har aka tashi. Ajin harshe ba haddace ƙa'ida kaɗai ba ne. Ana koya wa yaro ya karanta, ya fahimta, ya faɗa da bakinsa, ya kare abin da ya faɗa. Rabin wannan aikin a tsakar gida ake yinsa, kuma ba ya buƙatar komai sai mai saurare.

Da na dawo gida ranar, na tarar da ita tana tankaɗe. Na tsaya a bakin kicin na ba bango rahoto: an yi musu sosai, kuma mu da muka ce uwar tafiyarta ta yi mun fi yawa, don ko kallon yarinyar ba ta yi ba da za su rabu.

Rariyar ta tsaya. Inna ta ɗago kai, kuma ba tukunya ta kalla ba, ni ta kalla.

"Ke ba ki san komai ba," ta ce. "Ta tsaya. Gefe ta koma inda yarinyar ba za ta gan ta ba, har jirgin ya ɓace."

Ta mayar da kanta ƙasa da sauri ta ci gaba da tankaɗe. Na kasa motsi, jakata tana rataye a kafaɗa, ga dariya ga ƙwalla. Can ta ce a je a cire yunifom, abinci yana hucewa.