Hular da Inna ta sa wa tifata

Ɗazu a Kazaure na tarar da samari sun kwance injin wata tifa, sai na tsaya ina murmushi, na tuna tawa.

Zamanin Turawa ne, ana aikin hanyar Roni, aka ba ni tsohuwar tifa ina kwasar marmara. Sai ta tsiro da hali: mu ɗan taɓa tafiya ta shaƙe ta mutu. In buɗe tanki in ga mai a cike, in rufe, ta tashi lafiya lau. Na wanke filta, a banza. Mai kula da aikin ya ce in ya sake ganinta a tsaye, in ajiye makulli.

Da ta sake yi, ni kaɗai a hawan dutse, sai na kasa kunne ina buɗe murfin tankin. Na ji fuuu, iska ta ruga ciki. Ashe hular fatar da mahaifiyata ta sa baduku ya ɗinka wa murfin, da laya a ciki, ita ta toshe 'yar ƙofar da tanki ke shan iska.

Da na koma gida na ce, "Inna, layarki ta hana mota numfashi."

Ta ce, "Kai dai cire ka gani! Huda mata hanci, ka bar mini layata."

Basillarta na ara na huda. Har muka kai hanya Roni tifar nan ba ta ƙara mutuwa ba, makulli yana aljihuna, laya tana wurinta.

Direbobi, cikinku wa ya taɓa gano ciwon mota da kunne?