Kwallin Ranar Tuɓe Mainasara

Tana tsugune gaban mai koli a kasuwar Shagari. Ta ba arba'in baya, zanen saƙinta ya koɗe, dugaduganta duk faso. Ban san ta ba, amma yadda take zaɓen kaya fuska a ɗaure ya tsayar da ni. Ɗan curin man kaɗe ta ɗauka da niƙaƙƙen kwalli kaɗan. Turaren kanti kuwa ko kallo bai ishe ta ba.

Nan take ta murza man a tafin hannu, ta bi goshi da kumatu har fatar ta yi sheƙi. Ta ari madubin mai kolin tana zizara kwallin.

"Inna, biki za ki?" in ji mai koli.

"Ƙofar uban ƙasa za ni," ta ce. "Yau za a tuɓe Mainasara, mai garinmu. Shi ya kama ɗana Arzika ya ba Turawa, anka kai shi haƙar kuza. Bai komo ba. Tun rannan ban sa kwalli ba."

"Allah shi jiƙanai. Ki yi haƙuri, Inna."

"Na yi har ya ƙare. Gaba-gaba za ni zamna. In an warware rawaninai, shi ɗaga kai shi gan ni tsab."

Ina jin ta daɗe tana shirya wannan zama a zuciyarta. Ta tauna goro, ta goga furen taba har haƙoranta suka yi jawur, ta gwada wa madubi murmushin da ta tanadar wa Mainasara. Mai koli ya kau da kai.