Na Ce Masa Na Ƙoshi, Shi Kuwa Ya Yarda

Malam Edita, yanzu tsufa ya kama ni, jikata ce ma take rubuta wannan ina faɗa mata. Amma lokacin da abin ya faru saurayi ne ni mai ji da kansa, ɗan manomin albasa daga wani ƙauye tsakanin Wurno da Goronyo, tun ba a yi mafarkin gina madatsar ruwa ba. Ina ƙaramin malamin gona aka zaɓe ni in je Ingila koyon noman rani. Wanda ya kawo labarin ya haɗa mani da gargaɗi, ya ce akwai likita a filin jirginsu, duk wanda ya sauka da alamar ciwo jirgi na gaba ne zai komo da shi. Mutanen ƙauyenmu kuwa har bakin mota suka rako ni, mata na guɗa. Tun daga nan na ƙudurta cewa ko me zai faru ba za a komo da ni ba.

Masu ba ni shawara su ne suka kusan kashe ni. Baba ya ce kada in ci naman da ban san wanda ya yanka ba, wannan kam daidai ne. Inna ta ɗaure mani guzuri, kilishi da dakuwa da ƙuli-ƙuli, abin da zai ishi mai tafiya Makka a ƙasa. Sai Kawuna na Rabah, wanda aka wakilta ya raka ni Kano. Bai taɓa ganin jirgin sama kusa ba, iyakar iliminsa ya sha ƙetare gulbi a kwale-kwale ya ga mutane na amai, amma magana yake kamar shi ya ƙera jirgin. Ya hana ni cin komai tun ana gobe tafiya, wai jirgi ba ya son cikakken ciki. Da muka zo wurin awon kaya na ɗauki ƙunshin Inna zan shiga da shi, sai ya fizge ya cusa cikin akwatina ya danna kwaɗo. Ya ce, "Mi za ka yi da ƙunshi bisa cinya kamar tsohuwa? In an ya da zango ka ce ma yaron jirgi shi sauko maka da akwatinka." Ni da na yi boko, wallahi na yarda. Har yau in na tuna takaicin kaina nake ji fiye da nasa.

Jirgin irin na da ne, mai farfela, ƙararsa kamar an sa mutum cikin injin niƙa. Kusa da ni, wajen taga, wani saurayi ne fari, sa'ana, da 'yar ƙaramar hula a tsakar kansa. Tun daga kudancin Afirka ya taso, jirgin ya biyo ta Kano shan mai. Da muka tashi na ga ya damƙe hannun kujera yana motsa baki, ni ma abin da nake yi ke nan, sai muka kalli juna muka yi dariyar tsoro. Da ɗan Turancina muka gaisa. Ya ce shi Bayahude ne, za shi karatu, kuma shi ma bai taɓa yin doguwar tafiya a sama ba. Da ma'aikaciyar jirgi ta kawo abinci na ga nama a ciki, na mayar da farantin gaba ɗaya don ban san abin da ya taɓa wani ba. Shi ma ya mayar da nasa, ya ce su ma suna da dokar yanka. Bambancinmu ɗaya, shi ba shi da kawu irin nawa. Guzurin da mahaifiyarsa ta haɗa masa yana nan bisa cinyarsa.

Ya kwance jakar guzurin, ga burodi, ga dafaffen ƙwai, ga lemu. Ya miƙo mani. Ni kuwa na yi abin da aka raine ni a kai, na dafa ƙirji na ce na gode, na ƙoshi. A wajenmu kowa ya san wannan ba amsa ba ce, gaisuwa ce. Baƙo zai ƙi, mai gida ya nace, ya sake ƙi, a haɗa shi da Allah, sannan ya sa hannu kamar an tilasta shi. Na gyara zama ina jiran ya nace. Sai ya tambaye ni ko ni Musulmi ne, na ce e, ya gyaɗa kai kamar wanda ya gano wani abu, ya ƙulle jakarsa.

Daga nan fa azabata ta fara. Duk lokacin da zai ci abinci sai ya juya mani baya, ya fuskanci taga, ya ja kwat ɗinsa ya kare, yana ɓare ƙwai a hankali kada in ji. To ana iya ɓoye ƙarar ƙwai, amma ƙanshinsa fa? Cikina na kuka, ni kuma ina ce wa raina ban taɓa ganin marowaci irin wannan ba. Da muka sauka wani gari cikin hamada na ruga wurin wani ma'aikaci na ce a sauko mani da akwatina. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce sai Ingila. Ruwa ma ɗan kurɓa nake, don ina tsoron ban-ɗakin jirgin. Sau da yawa bakina ya buɗe zan roƙi mutumin nan, kunya ta rufe shi. Ɗan gidan mutunci ya ce ya ƙoshi, sannan ya dawo yana roƙon ƙwai?

Washegari da hantsi, an ce mun kusa sauka, na miƙe don in gyara rigata, sai na ga duhu. Da na farfaɗo kaina na kafaɗarsa, ma'aikaciyar na tsaye a kanmu tana cewa dole ta sanar da likitan filin jirgi akwai marar lafiya. Nan take na hango kaina ina sauka daga mota a ƙauyenmu da akwatina, matan da suka yi mani guɗa suna leƙe ta katanga. Kunyar nan ta fi ta ƙwai girma. Na kama hannunsa na ce ba ciwo ba ne, yunwa ce.

Ya zaro ido. "Ba azumi kake yi ba?"

Ashe duk juya bayan nan girmama ni yake yi, kada ya ɓata mani ibada. Ya lallashi matar ta kawo shayi mai sukari da yawa, ya zazzage mani sauran guzurinsa, ƙwai da burodin da ya fara bushewa. Ina ci yana faɗa, ya ce in mahaifiyarsa ta ji ya zauna kusa da mai jin yunwa tun daga Kano ba za ta yafe masa ba. Da bakina cike na yi masa bayanin yadda ake yi a wajenmu, sai an nace. Sai ya ce, "To ai da ka gaya mani sau nawa ake tambaya."

Na wuce gaban likita da ƙafafuna, ko kallo na biyu bai yi mani ba. Da akwatina ya fito na buɗe shi nan tsakiyar mutane, na ware dakuwar Inna don na san ba zai ci kilishin ba, na bi ɗakin nan lungu-lungu ina nemansa. Ya riga ya tafi. Ko sunansa ban riƙe ba, wannan shi ne abin da ya fi damuna. Kawu kuwa har ya koma ga Allah yana alfahari wai shawararsa ce ta hana ni amai.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba, amma irin tamu sai a gida ake gane ta. Ku matasa masu tafiya ƙasashen mutane, ku riƙe guzurinku a hannu, kada ku ɗauki shawarar jirgin sama daga bakin mai kwale-kwale, in kuna jin yunwa kuma ku buɗe baki ku faɗa. Kada kuma ku yi saurin kiran mutum marowaci don ya juya muku baya. Ni dai tun da na dawo, a gidana ba a tambayar baƙo ko zai ci abinci. In ma ya riga ni ya dafa ƙirji ya ce ya ƙoshi, sai in ce masa na ji, in sa a kawo akushi.