Tagar da Baba Ya Toshe

Duk wanda ya biyo layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi ya ɗaga kai zai ga benenmu da bango guda wanda ba taga ko ɗaya. 'Yan adaidaita sahu ma da shi suke kwatance, wai gida mai makahon bango. Su yi ta faɗa. Ni dai duk gidan ba abin da nake alfahari da shi kamar bangon nan.

Gidan ba wani katafare ba ne. Ɗaki uku da falo a ƙasa, shago biyu a gaba, ɗaya na tela ɗaya na mai cajin waya, sai rijiyar burtsatse da darbejiya a bakin ƙofa. Da Baba ya yi ritaya daga aikin gwamnati, muka kuma yi wa gidan yawa, sai ya ɗora bene. Ni ce babba a mata, don haka ɗakin kusurwa nawa ne, kuma ni na nuna inda za a bar taga, ɓangaren da iska ke kaɗawa, ana hango har wajen kasuwar Tarauni. Tun ba a yi filasta ba na sayi labulena.

Ranar da za a sa gilas Baba ya hau duba aiki. Ya leƙa ta tagar, sai na ga ya ja da baya kamar ya taka garwashi. Ashe tsakar gidan maƙwabcinmu ce a ƙasa, fayau, har turmi da igiyar shanya. Maƙwabcin mutumin Kudu ne, Kirista, yana sayar da kayan gyaran mota. Matarsa kuwa Madam muke ce mata.

Baba ya dubi birkila ya ce, "Kawo bulo a toshe."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Baba, su fa ba kulle suke yi ba. Madam da kanta take cefane."

Ya ce, "Kasuwa daban, tsakar gida daban. Ke za ki so a riƙa kallonki daga sama kina wanki?"

Da yamma sai ga maƙwabcin da kansa, ya ji labari a bakin birkila. Ina laɓe a zaure ina murna, na samu mai tsaya mini. Ya ce, "Alhaji, ba damuwa, bar yarinya ta sha iska. Mu ba ma duba wannan."

Baba ya ce, "Na gode, maƙwabci. Amma kai in ka fita da safe sai magariba. Ba kai ke zaman tsakar gidan ba."

Aka toshe, aka bar mini 'yar kafa can sama kusa da silin. Bazara ta zo ta gasa ni, in an ɗauke wuta ɗakin kamar tanda. Na yi ta cika ina batsewa, Baba ko a jikinsa.

Ana nan sai Madam ta shigo wajen Umma da kwanon soyayyiyar ayaba. Ina gefe ina tsince shinkafa na ji tana cewa tun da magina suka hau sama ba ta ƙara zama a tsakar gida ba sai da aka toshe tagar, a banɗaki take wanki, a ɗaki take yi wa 'ya'yanta kitso. Ko mijinta ba ta gaya wa ba, tana tsoron a ce baƙi sun hana ɗan gari gininsa. Har ta fara tambayar gidan haya a Babban Giji a ɓoye.

Na ji Baba ya ƙara girma a idona, har na rasa inda zan sa kaina don daɗi. Ba wanda ya kai masa ƙara, tsayuwa ɗaya ya yi ya gane.

Da za ta tafi ta dafa kafaɗata ta ce, "'Yata, yi haƙuri da zafi. Jiya na shimfiɗa tabarma a tsakar gidana, na cire ɗankwali, na yi barcina."