Akwatin Alminiyum da Saniyar Amana

Ban taɓa haura katangar kowa ba, ban taɓa zare wa kowa kuɗi daga aljihu ba, amma ɓarawo ne ni, kuma na yi zaman gidan kaso a kan haka. Kafin nan mai aikin alminiyum ne ni a Tambuwal. Tagogi nake yi da ƙofofi, da irin kabad ɗin gilashin nan da masu sayar da waya ke jera kaya a ciki. Ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. In na haɗa kusurwa biyu, ko allura ba ta samun wurin shiga. Ina da mata da 'ya'ya biyu, shagona na bakin titin Sakkwato, ban taɓa rasa na cefane ba. Na faɗi wannan tun farko ne don kada wani matashi ya karanta ya ce talauci ne ya ja ni. Wallahi son banza ne kawai.

Daga kauri abin ya fara. Alminiyum akwai mai kauri akwai shara-shara, in an yi musu fenti ido ba ya rabewa. Wani mutum a Sanyinna ya biya ni kuɗin mai kauri, na sa masa shara-shara a tagogin gidansa. Kwana biyu in na ji babur ya tsaya ƙofar shago sai gabana ya faɗi. Ba wanda ya zo. A gida na biyu gaban bai faɗi ba, a na uku kuwa har raha nake yi da mai gidan ina ɗaura masa taga.

Ana cikin haka wani ɗan garinmu da ke aikin gwamnati a Sakkwato, wanda kowa ke ce wa Injiniya, ya zo mini da zane a takarda. Firam yake so na alminiyum hawa biyu, ba bango ba rufi. A hawan sama za a jera alluna shida na kwamfuta, kowanne da fankarsa, a ƙasa kuma akwatin wuta da wayoyi. Ya ce injin haƙar kirifto ne, kuɗin intanet ɗin nan da samari suka ishe mu da zancensa suna ta dangwalar waya. Shi kam na yi masa aikin gaskiya, don ya san kauri. Na auna, na yanka, na huda, na bar tazarar yatsu uku tsakanin allo da allo yadda ya ce. Da muka kunna injin a gidansu, ɗakin ya ɗauki zafi kamar gidan biredi. Na ce me zai hana in rufe masa shi da gilashi ya yi kyau? Ya yi dariya ya ce rufe shi kashe shi ne, iska yake sha. Na tambaye shi abin da yake samu. Ya ce in ya cire na sola da batir da data, abin da ke saura bai kai a faɗa ba, sha'awa ce kawai ta sa shi.

Wannan amsa ban kai wa kowa ita ba. Hoton injin na riƙa nuna wa mutane a wayata ina cewa ni na haɗa, kuma duk wanda ya gani sai idonsa ya yi ƙyalli ya tambayi yadda ake shiga. Tambayar ta yi yawa har na fara ba ta amsa a zuciyata.

Sati biyu na yi ina haɗa nawa. Firam ɗin ya fi na Injiniya kyau nesa ba kusa ba. Na rufe shi da baƙin gilashi ta kowane gefe, na buga masa ƙusar ribit yadda ba mai buɗewa sai da ɓarna. A ciki na sa matattun allunan kwamfuta da na tsinto wurin 'yan gwangwan, da fankoki masu ƙara, da fitilun ado na babur masu kashewa da kunnawa. A gaba na manna tsohuwar waya mai nuna lambobi suna hawa. Ban ajiye shi a Tambuwal ba, don a nan akwai Injiniya da masu gyaran waya. Kebbe na kai shi, na kama ɗaki kusa da kasuwa, na ɗora faifan sola a rufi.

Ban wahalar da mutane da turanci ba. Ce musu na yi abin kamar watanda ne, yadda ake haɗa kuɗi a sayi saniya a raba kashi-kashi, sai dai wannan saniyar ba a yanka ta, kullum tatsarta ake yi. Kowa ya gane. Na farko-farko na riƙa ba su riba daga abin da na baya suka kawo, su kuma suka yi mini talla kyauta.

Wata ranar kasuwa wani dattijo makiyayi ya shigo, sunansa Umaru, ni kuma Baffa nake ce masa. Dogo ne siriri, da sanda a kafaɗa. Bai kalli fitilu ba, bai kalli lambobi ba. Tafin hannunsa ya ɗora a jikin akwatin, yadda suke yi wa dabba kafin su yi ciniki.

Ya ce, "Ɗana, wanga abu ba shi da rai. Saniya mai nono da ɗumi take, babur in ya yi tafiya da ɗumi yake. Wanga sanyi ƙalau."

Ya fita abinsa, mutum biyu suka bi bayansa. Da ina da rabo, da a nan na tsaya. Amma haushi na ji, haushin tsoho mai kiwo ya raina mini aiki. Na koma Tambuwal na kwance dutsen gugar matata na lantarki, na cire ƙarfen cikinsa mai ɗaukar zafi, na ɓalle ribit na ɗaura shi a jikin firam ta ciki, na mayar. Alminiyum kuwa ba ya wasa da zafi, nan da nan yake yaɗa shi ko'ina. Kasuwa ta gaba ni da kaina na bi Baffa Umaru har kara inda ake sayar da shanu, na ce ran nan injin hutawa yake, ya zo ya gani. Ya zo, ya ɗora hannu, ya janye da sauri. Ya gyaɗa kai ya ce yanzu kam shina aiki.

Bayan sati ya dawo da kuɗi a ƙulle cikin tsumma. Kafin ya miƙo mini ya zauna ya ba ni labarin inda suka fito, ni ko tambayarsa ban yi ba. Ciwo ya cinye masa garke shekarun baya. Amininsa Buba, wanda suka tashi tare suna bin shanu tun suna yara, ya ba shi saniya habbanaye. Al'adarsu ce: ka riƙe saniyar aminin naka, ka sha nono, 'ya'yan da ta haifa naka ne, in ta haihu sau uku ka mayar masa da uwar. Ta haihu biyu, maruƙan ba su isa sayarwa ba. Uwar ce ya kai wa wani dillali ya karɓo kuɗin, dillalin ya yi masa alkawarin riƙe ta wata uku. Niyyarsa in riba ta fito ya fanso ta, ya mayar wa Buba ita tare da karsana ta godiya, Buba bai ma san ta taɓa barin ruga ba.

Ya dube ni ya ce, "Ba tawa ba ce, ɗana. In ka san akwai shakka, gaya mini yanzu in koma in ɗauko ta."

Na ce, "Baffa, kwantar da hankalinka. Kafin ruwa ya sauka igiyarta na hannunka."

Na karɓa. Na san komai, ya gaya mini da bakinsa, amma na sa kuɗin a aljihu. Wannan ne abin da har yau nake jin kunyarsa fiye da ankwa.

Asirina bai kai wata uku ba ya tonu. Akwati rufe ruf, ƙarfen guga a ciki, ga zafin bazara. Wata ranar kasuwa da azahar robar wayoyin ta narke, hayaƙi ya fara fita ta gefen gilashi. Waɗanda suka zuba kuɗi suka taso a guje don su ceci dukiyarsu, wani ya fasa gilashin da dutse, aka watsa ƙasa. Da hayaƙi ya lafa wani bakanike ya leƙa ya zaro ƙarfen, ya juya shi a hannu ya ce ai wannan cikin dutsen guga ne. Na sha duka ran nan, kuma ban ga laifin kowa ba. 'Yan sanda ne suka ƙwace ni.

A kotu mutane suka yi ta ba da shaida, wasu suna zagi wasu suna kuka. Baffa Umaru bai zo ba. Alƙali ya ba ni shekara uku, aka sayar da shagona da injunana aka raba wa waɗanda na cuta, abin bai kai ko'ina ba. Matata ta koma gidansu da yara. A gidan kaso na sami lokacin da ban taɓa samu ba. Na koma karatun da na watsar, na tuba, kuma kullum in na idar da salla tsohon nan nake gani zaune yana kwance tsumma.

Da aka sake ni, wani tsohon abokin sana'a ya ɗauke ni ina yi masa yanka da huda. Matata ta dawo, Allah ya saka mata. Na bi gidajen da na sa wa shara-shara na faɗa musu gaskiya, wasu suka yafe wasu suka kore ni. Kebbe ce na yi wata shida ina jan ƙafa kafin in je.

Na sami Baffa Umaru a rugarsa ranar kasuwa da hantsi, yana tufka igiya a gindin bishiya. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Bai bar ni na gama ba ya ce ya yafe tun tuni, shi ma da nasa laifin. Na ce zan yi aiki in tara in saya masa saniya ko shekara nawa zai ɗauke ni. Ya ce wace saniya? Waccan jikanyar saniyar uwar Buba ce, dillali ya loda ta a mota zuwa kudu tun satin da aka kama ni. Na tambaye shi ko Buba ya yi fushi.

"Da ya yi fushi ai da sauƙi. Ya zo nan ya sha nono, ya tambayi iyali, bai ce mini ina take ba. Har wata karsana ya koro mini. Na ce a mayar mai, ba ni da hannun riƙe igiyar wani." Ya ci gaba da tufkarsa. "Buba shina zuwa kasuwa duk sati. Shi ya sa nika zama gida."

Na yi masa sallama na hau babur, sai da na yi nisa na tsaya gefen hanya na yi kuka.

To matasa, ku ji daga bakin wanda ya yi. Duk wanda ya ce muku yana da inji mai haifar kuɗi, ku ce ya buɗe ku gani, ku kuma tafi da wanda ya san abin. Ku masu sana'ar hannu, ku ji tsoron Allah a kan ɗan ha'incin da ba mai ganewa, don ni ranar da gabana ya daina faɗuwa ran nan na lalace. Kada kuma ku yaudari kanku cewa in an kama ku za ku biya da jikinku a wuce wurin. Ni shekara uku aka yanke mini, na gama na fito. Baffa Umaru ba alƙalin da ya yanke masa komai, kuma har yau duk ranar kasuwa a gida yake wuni.