Ƙadangare da Takardar Uwani

Kakata ta wajen uwa, can Madawa, ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta zauna gindin murhu, ta tura itace da ƙafa, ta ce, "Kunne ya zo?" Mu kuma mu ce, "Ya zo da ɗan'uwansa." In yaro ɗaya bai amsa ba, to an fasa. In ta gama kuma ta ce, "Ta ƙare, kowa ya nemi takalminsa," alhali babu mai takalmi a cikinmu. Masifaffiya ce, Allah ya jiƙan ta. Ita na gado, kowa ya sani.

Da na tsufa a Abijan sai aikin tatsuniya ya dawo kaina. Muna zaune a unguwar Bracodi, cikin Adjamé, gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, mu da Julawa da Bawule, kowa ya san abin da kowa ya dafa. Babu murhun itace, furno ne na gawayi. In na gama suyar ƙosan yamma, aka yi magariba, gawayin yana da sauran ja, sai yaran gidan su jawo benci. Daga waje kana jin 'yan kamashon gbaka, ƙananan motocin haya, suna kiran fasinja, daga ciki kuma ni ina cewa, "Kunne ya zo?" Har 'ya'yan Bawule sun iya amsawa, ko da ba su san me suke faɗa ba.

A cikinsu akwai Uwani, 'yar ɗana Sani. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ba na kama sunan. Shekararta tara lokacin, siririya, Hausarta rabi Faransanci. Sauran yara suna sauraro ne, ita kuwa kamar ta zo ƙara. Ba a gama jimla ba ta tare ni.

Tatsuniyar da suka fi so ita ce ta ƙadangare. Wani mai magani ne ya haɗa sabon mai, yana zaton yana tsirar da gashi, amma bai taɓa shafa wa kowa ba, kuma yana tsoron shafa wa kansa. Ya je wajen akuya. Akuya ta ce, "In ya ƙone ni fa?" Ya ce bai sani ba. Ta ce, "Ran da ka sani ka zo." Ya je wajen kaza. Kaza ta ce, "Ka dube ni da kyau, gashi na rasa?" Sai ya hangi ƙadangare a bango yana shan hantsi. Ya ce, "Ƙadangare, in shafa maka?" Ƙadangare ya gyaɗa kai. Ya shafa mishi. Kan ya ƙone, ya yi ja wur, shi ya sa har yau kake ganin wani da jan kai.

Dangin ƙadangare suka kai ƙara wajen kunkuru, shi ne alƙali. Mai magani ya ce, "Na tambaye shi, ya yarda." Kunkuru ya ce, "Ƙadangare, ka yarda?" Ya gyaɗa kai. "Ka ƙi?" Ya gyaɗa kai. "Yau Talata?" Ya gyaɗa. "Yau Juma'a?" Ya gyaɗa. A nan yara suke faɗuwa daga benci don dariya, don ina gyaɗa nawa kan har kallabi ya zame. Kunkuru ya kori ƙarar, mai magani ya tafi gida. Ni kuma in rufe yadda kakata ke rufewa: kada ku zama sakarkaru masu gyaɗa wa kowa kai.

Ran nan Uwani ta ce, "Kaka, attends, tsaya. Mai maganin ya san haka ƙadangare yake yi?"

Na ce, "Ya sani mana. Kullum yana ganin shi a bango."

"To ai shi ya sa ya zaɓe shi."

Na ce ta tashi ta wanke kwanoni.

Yarinyar ta yi karatu har na gaji da tambayar yaushe za a gama. Na ɗauka likita za ta zama, in huta da layin asibiti. Ta ce a'a, ita karatunta shi ne abin da ya halatta da abin da bai halatta ba a yi wa mutum da sunan neman magani. Kafin a ɗibi jinin mutum ko a gwada sabuwar ƙwaya a jikinsa, a faɗa mishi gaskiya, ya yarda da kansa. Na ce, "Wannan har sai an je jami'a?" Ta ce, "Kaka, da kin san abin da ake yi." Ni ma a shekarun nan ne na shiga ajin manya da wata malama 'yar Maradi ta buɗe bayan masallaci, na koyi haɗa baƙi da boko, ina da jikoki a ƙasa.

Aikinta na ƙarshe, wanda in ta gama za a ba ta aji ta riƙa koyarwa, shi ne ta zauna da matanmu 'yan kasuwa, ta tambaye su ko an taɓa ɗibar jininsu a awon ciki, ko an yi musu bayani. Tana ɗaukar maganarsu a rakoda. Ita ma sai da yardarsu, don haka ta juya takardar yarda daga Faransanci zuwa Hausa da kanta, tana karanta musu, su dangwala yatsa. Ta yi wata biyu tana zirga-zirga unguwar Treichville. Ta zo mini tana murna, ta ce, "Kaka, ko mace ɗaya ba ta ƙi ba."

Bayan kwana uku sai ga Tabawa, ƙawata mai sayar da tuwo a tashar Bassam, can Treichville. Ta hau mota tun daga can, da rana tsaka, lokacin ciniki. Ko ruwa ba ta sha ba.

"Yaya Hajo, me muka yi wa jikarki?"

"Wace jikar?"

"Mai katin nan a wuya. Ta zo ta ce bincike take yi. Ta rubuta sunana, da na mijina, da garin da muka fito. Kin san takardar zamana ta mutu tun bara. Kwana biyu ban kafa tukunya ba."

Wanda bai zauna Abijan a shekarun nan ba ba zai gane ba. Mu baƙi, in aka ce bincike, abu ɗaya muka sani: masu kaki sun tare hanya ko sun shigo gida, a fito da takardar zama, wanda ba shi da ita a sa shi a mota. A wajen Uwani bincike karatu ne, a ƙamus ta samo kalmar. A kunnen Tabawa kuwa, ga yarinya da kati a wuya, da Faransanci a baki, da na'ura a hannu.

Na ce, "To me kika ce mata?"

"Na ce to. Me zan ce?"

Da yamma Uwani ta zo, na sa ta zauna kan bencin nan dai. Na ce ta karanto mini takardar. Layin farko: muna gudanar da bincike a kanku. Na ce ta tsaya. Na faɗa mata zuwan Tabawa, ban rage komai ba.

Ta ce, "Amma Kaka, a ƙasa an rubuta duk wadda ba ta so tana iya ƙi. Na karanta musu."

"Wa ya kai ƙasa? Tun layin farko cikinsu ya ɗuri ruwa."

"Sun ce to."

"Ke 'yar Abijan, to ba na yarda ba ne. To na ji ne. To ki tafi ki bar ni ne. Ni nan na ce wa kakanki to shekara arba'in, tambaye shi a kabari ko sau nawa na yi abin da ya ce."

Ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi fita. Na ce, "Ke kika ce mai magani ya zaɓi ƙadangare don ya san halinsa. Ke ba ki sani ba, shi ne bambancinku. Amma yanzu kin sani."

Ta ninke takardar. Sannan ta ce in ta zubar da wannan aikin, ba za ta gama bana ba, kuma ajin da aka yi mata alkawari wani za a ba. Takardun kuma duk da yatsu a kai, babu wanda zai taɓa ganewa. Ni ba ni na yi karatun ba. Na ci gaba da tsince wake.

Da safe ta je ta faɗa wa malaminta. Ta goge maganganun da ke cikin rakoda. Ta ɗauki takardun ta bi matan ɗaya ɗaya, daga tashar Bassam har masu abincin bakin tashar jirgin ruwa, ta mayar wa kowace tata a hannu. Tabawa ta cusa tata a wuta ƙarƙashin tukunya, sannan ta zuba wa Uwani tuwo. Ajin kuwa wani aka ba. Ubanta ya yi wata bai yi mini magana sosai ba, wai ni na zuga ta.

Sabuwar takardar tare muka yi, ita da biro, ni da baki. Muka cire bincike. Muka sa: ni ɗaliba ce, na zo roƙon sani, ba gwamnati ta aiko ni ba. Na ce ta cire katin wuya, kada ta tambayi garin kowa. Na ce kuma macen kirki a wajenmu ba ta ce wa baƙo a'a a fuska, sai an buɗa mata hanya. Ki karanta, ki tashi, ki ce za ki biyo jibi. Wadda take so za ta ajiye miki kujera. Wadda kika tarar ta shiga ciniki ba ta ɗago ba, ki gaishe ta ki wuce. Haka ta yi. Da yawa ba su ajiye kujera ba. Waɗanda suka ajiye kuwa, har ta rasa yadda za ta tsayar da su.

Ana nan sai ta ce ni ma ta sa ni a ciki, tunda na haihu a Abijan. Ta ɗauko takardar za ta karanta mini. Na ce ta ba ni nan. Na sa tabarau, na bi ta baƙi baƙi da yatsa, na kusa rabin awa, tana zaune tana jira. Abin da take son ji ina da shi. Akwai cikin da na yi bayan haihuwar ubanta, da abin da aka yi mini a wani ɗakin awo, da yatsan da na dangwala ban san a kan me ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Na miƙa mata takardar na ce, "A'a. Ba na so."

Ta dube ni. Na san wannan bakin tun yana da giɓi, na ga tambayar ta taso har leɓe. Ta haɗiye ta. Ta ce, "To, Kaka. Na gode." Ta rubuta wani abu ƙarami a littafinta, ta rufe, ta ce ko akwai sauran ƙosai.

Shekara ta zagayo Uwani ta gama karatun, yanzu tana koyar da masu shirin zama likitoci, har ana kiran ta zaman duba takardun wasu kafin a bar su su taɓa jikin mutane. Ni dai abin da na riƙe daban ne. Na yi wa mutane tsawa iyakar raina, an san ni da baki a Bracodi, amma a gaban mai takarda ban taɓa cewa a'a ba sai ran nan, ina da shekara saba'in da wani abu. Na faɗa, ba a tambaye ni dalili ba, kuma babu abin da ya same ni. Labarin ɗakin awon yana nan wajena. In na ga dama wata rana in ajiye mata kujera.